ABOKIN TAFIYA: NAZARI A KAN HIDIMAR MAZA MASU SA KAI A GIDAJEN FARFAƊOWA DAGA SHAYE-SHAYE

Nassin nazari: Markus 5:1-20

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Mubi zuwa Sahuda, inda Nijeriya ta yi iyaka da Kamaru, ya san hanya ce wadda ba ta barci. Shanu suna shigowa zuwa kasuwar Mubi, kaya suna fita, samari kuma suna kai da kawowa da lodi tun kafin zakara ya yi cara. Ta wannan gefe ne mutanenmu da yawa suka tsere a ƙarshen Oktoba 2014, sa'ad da Boko Haram ta kama Mubi, ta Sahuda kuma aka riƙa dawo da 'yan gudun hijira daga Kamaru a 2015. Labarin gudu da na dawowa mun sha ba da shi a taronmu da wa'azinmu. Amma akwai wani labari da ba mu cika son faɗa ba, domin ya shafi 'ya'yanmu na cikinmu. Waɗansu daga cikin samarin da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, da waɗanda suke aikin ƙarfi a wannan hanya, ƙwaya ce take riƙe da su yau.

Al'amarin ya wuce yankinmu. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wanda aka fitar a Janairu 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai sa maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol da kodin, ba bisa umarnin likita ba. A cikin kowane mutum biyar masu sha, ɗaya ya riga ya kai matsayin da yake bukatar magani. A watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya tona yadda ake sayar da shi, amma kasuwar maye ba ta rufe ba, sai dai ta sauya kaya. Likita yakan rubuta tiramadol mai miligiram 50 ko 100. Wanda ake sayarwa a bayan tasha kuwa yakan kai 200 ko 225, saurayi kuma ya haɗiye biyu ko uku kafin ya hau babur.

Saboda haka iyaye suna neman inda za su kai 'ya'yansu. A cikin wuraren da suke samu akwai abin da za mu kira gidan farfaɗowa, wato gidan da mutum yakan zauna wata uku, ko shida, ko shekara, nesa da abokan sha da mai sayarwa, yana bin tsarin tashi da aiki da ibada da shawara, har jikinsa da hankalinsa su dawo. Waɗansu na gwamnati ne, kamar ɗakunan gyaran hali na hukumar NDLEA, waɗansu kuma na ikkilisiyoyi ne ko na masu bi da suka ɗauki nauyin. Nazarinmu na wannan fitowa ya tsaya a kan mutum ɗaya wanda ba shi cikin jerin ma'aikata, ba ya karɓar albashi, amma sau da yawa a hannunsa nasarar gidan take. Shi ne ɗan'uwa mai sa kai wanda yake zuwa daga waje ya zauna da mutum guda, mako bayan mako. Na rasa sunan da ya fi dacewa da shi, sai na ce abokin tafiya.

Sarƙa da mari

Markus ya ba mu labarin wani mutum a ƙasar Garasinawa wanda ya bar gida ya koma zama a makabarta. Mutanen garinsu sun yi abin da suka iya: sun sha ɗaure shi da sarƙa da mari, shi kuwa yana tsinkewa. Dare da rana yana ihu a kan duwatsu, yana ji wa kansa rauni. Bari in yi gargaɗi tun daga nan, kada wani malamin aji ya tashi ya koyar cewa duk mai shan ƙwaya aljanu ne da shi. Nassin bai ce haka ba, ni ma ban ce ba. Kamu da maye ciwo ne da yake taɓa ƙwaƙwalwa da jiki, yana kuma tafe da zunubi da kunya da karyewar zumunci. Abin da ya sa na zaɓi wannan nassi shi ne kamannin da ke tsakanin abin da garin ya yi da abin da mu ma muke yi.

Kalmar mari ba baƙuwa ba ce a kunnenmu. A Satumba 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. A Oktoba aka sake samun irinsa a Daura da wasu garuruwa. Masu bi da yawa sun karanta labarin suna kaɗa kai, suna cewa ai wannan aikin waɗancan ne. To, a Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan ɗaure masu taɓin hankali a Nijeriya, ta kuma ambaci asibitocin gwamnati, da gidajen masu maganin gargajiya, da na Musulmi, da na Kirista. Gidajen addu'a suna cikin lissafin. An ɗaure mutane a gindin itace, an hana su abinci kwana da kwanaki, aka sa wa abin suna azumi. A Janairu 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince cewa mai irin wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowa. Bai kamata a ce sai da doka ta zo muka san haka ba.

Ban raina iyayen da suka kai ɗansu irin wannan wuri ba. Uwar da ɗanta ya sayar da injin niƙanta, ya ɗaga wa ubansa hannu, ta gaji ne, kuma ba wanda ya nuna mata wata ƙofa. Amma nassin ya nuna ƙarshen sarƙa a fili: tana tsinkewa, mutumin kuma yana nan a makabarta. Saboda haka aikin farko na abokin tafiya, tun kafin ya buɗe Littafi Mai Tsarki, shi ne ya buɗe ido. Idan ya ga sarƙa, ko bulala, ko horon yunwa a gidan da yake ziyarta, kada ya yi shiru don gudun ɓata sunan hidima. Ya faɗa wa shugabannin gidan, ya faɗa wa majalisar ikkilisiyarsa, in ba a gyara ba ya kai maganar ga hukuma.

Tambayar suna

Yesu ya tambayi mutumin sunansa. Ko da yake amsar da ta fito ba ta mutumin ba ce, tambayar kanta abin lura ce, gama an daɗe ba wanda ya yi magana da shi sai dai a yi magana a kansa. Haka yake ga mazaunan gidan farfaɗowa. A unguwa sunansu ɗan ƙwaya, a gida sunansu abin kunya, a ofishin 'yan sanda kuma lamba ce a takarda.

Na san wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda ya ɗauki ziyarar wani saurayi daga ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke kusa da Sahuda. Yaron ya fara shan tiramadol ne don ya iya jure dakon kaya a kan babur, bayan gudun 2014 kuma ya ƙara, domin in bai sha ba barci ba ya zuwa, in ya zo ma da mafarki yake zuwa. Danginsa suka kai shi wani gida na masu bi, dattijon kuma ya riƙa zuwa kowace Alhamis. Ya gaya mini cewa zuwansa huɗu na fari yaron bai ce masa kome ba sai amsa gaisuwa. Yakan zauna kusa da shi a inuwa, ya ɓare gyaɗa, ya miƙa masa, in lokaci ya yi ya yi gajeriyar addu'a ya tafi. A zuwa na biyar sai yaron ya ce, "Baba, nawa suke biyanka?" Ya ce, "Ɗana, ba mai biyana. Kuɗin motar ma daga fanshona nake cirewa." Yaron ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya ce, "To, me kake nema a wurina?" Daga wannan tambaya hirarsu ta fara, sai bayan wata biyu kuma ya faɗa masa abin da ya gani a hanyar gudu, abin da ko mahaifiyarsa bai taɓa gaya wa ba.

A nan ne amfanin mai sa kai ya bambanta da na ma'aikaci. Ma'aikaci yana da mutum ashirin ko talatin a wuyansa, shi ne mai ƙararrawa da mabuɗi, dole wani lokaci ya hukunta. Abokin tafiya ba shi da mabuɗi, ba ya rubuta rahoto a kan kowa, saboda haka ana iya gaya masa gaskiya. Mutumin da ya yi shekaru yana ƙarya don ya sami kuɗin sha, kowa kuma yana yi masa alkawarin da ba a cikawa, ba wa'azi ne yake fara gamsar da shi ba. Yana ƙirga ranakun Alhamis ne ya ga ko za a zo. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ya san ba zai iya riƙe rana ɗaya a mako har wata shida ba, gara kada ya fara, domin ɓacewarsa za ta tabbatar wa mutumin abin da ya riga ya gaskata game da kansa.

Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma ɓarnarsu ta fara ne sa'ad da suka buɗe baki suna bayyana masa dalilin wahalarsa. Mu masu wa'azi wannan darasi yana yi mana wuya ƙwarai. Muna shiga da aya uku a shirye tun ba mu ji ciwon ba.

Wannan hanya ta mutum ɗaya ya riƙe hannun ɗaya tana da tarihi. A 1877 wani fasto mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Blue Cross a Janiba, ƙasar Suwizalan, inda masu bi waɗanda giya ba ta dame su ba suka ɗauki alkawarin barinta domin su tsaya tare da mashaya. A 1935 kuma, a garin Akron na Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Bill Wilson, wanda bai daɗe da barin giya ba, ya ji sha'awarta ta taso masa yana baƙunci, sai ya nemi wani mashayi ya yi magana da shi. Aka haɗa shi da likita Bob Smith. Daga haɗuwar nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta fito, wadda a cikinta tsohon ɗan ƙungiya yakan ɗauki sabo ya riƙe. Mu kuwa muna da Barnaba tun kafin su, wanda ya kama hannun Shawulu ya kai shi wurin manzanni a lokacin da kowa yake tsoronsa.

Iyakar aikin

Abokin tafiya ba likita ba ne, kuma rashin sanin haka ya taɓa jawo asarar rai. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, in ya bari farat ɗaya, jikinsa yakan fara rawa cikin yini guda, a kwana na biyu ko na uku kuma yana iya ruɗewa, ya riƙa ganin abin da babu, ya yi farfaɗiya, har ya mutu. Mai barin tiramadol ko kodin yakan yi gumi da ciwon gaɓoɓi da gudawa da rashin barci na kusan mako guda, tiramadol mai yawa kuma shi kansa yana kawo farfaɗiya. Waɗannan alamu na asibiti ne. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota ana tafiya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri da asibitin koyarwa na Yola suna da masana wannan fanni, gidan da ba shi da wata alaƙa da likita ko ma'aikacin jinya kuwa bai cancanci a kai masa ɗan kowa ba. Kada kuma mai ziyara ya ce wa wanda likita ya ɗora a kan magani ya zubar da shi don ya nuna bangaskiya.

Sai maganar kuɗi, wadda a kanta ni kaina na yi tuntuɓe. Shekarun baya wani saurayi da nake bi, sati uku da fitowarsa, ya zo ofishina ya ce an kira shi aiki a wani gari, kuɗin mota ya rasa. Na ji daɗin ganinsa fes, na ba shi har da na abinci. Kwana biyu bayan haka ƙanensa ya same shi a kwance a bayan kasuwa. Na yi fushi da shi, daga baya na gane rabin laifin nawa ne, gama na sa wuta kusa da auduga don in ji daɗin cewa ni mai kirki ne. Da na raka shi tasha na biya direba da hannuna, da na san ko akwai aikin. Tun daga ranar, abinci nake saya, ko in biya kuɗin koyon sana'a kai tsaye ga mai koyarwa.

Asiri ma haka. Abin da aka gaya maka a inuwar gidan farfaɗowa ba kayan roƙon addu'a ba ne a taron tsakiyar mako, ko da ka ɓoye suna, gama garuruwanmu ƙanana ne. Matarka ma ba ta da rabo a ciki. Abu biyu kaɗai suke karya wannan doka: in mutumin ya ce zai kashe kansa, ko zai cuci wani. Ka gaya masa haka tun ranar farko, don kada ya ce ka ci amanarsa. Namiji ya bi namiji, mata kuma su bi mata. Binciken 2019 ɗin nan ya nuna cewa ɗaya cikin huɗu na masu sha mace ce, wannan kuwa aiki ne da yake jiran zumuntar mata.

A ƙasar Mubi Kirista da Musulmi kasuwa ɗaya suke ci, ƙwaya kuma ba ta tambayar addini. Zai yiwu wanda aka haɗa ka da shi Musulmi ne wanda danginsa suka kawo don sun rasa wani wuri. Kada ka ɓoye ko kai wane ne, in ya tambayi dalilin zuwanka ka faɗa masa. Amma mutumin da yake cikin rauni, a gidan da ba nasa ba, kada a sa kwanon abincinsa ko kulawarka su rataya a kan amsar da zai bayar game da bangaskiya.

Komawa gida

Mutanen gari sun zo sun tarar da mutumin a zaune, saye da tufafi, cikin hankalinsa. Luka ya gaya mana cewa ya daɗe ba ya sa riga. Na kan tambayi ɗalibaina, daga ina rigar ta fito a wannan kufai? Ikon warkarwa na Ubangiji ne shi kaɗai, amma ina ganin wani daga cikin waɗanda suka sauko daga jirgin ne ya tuɓe tasa ya ba shi. Matsayin abokin tafiya ke nan.

Abin mamaki kuma, da mutanen suka gan shi lafiya sai tsoro ya kama su. Shi kuwa ya roƙa a bar shi ya bi jirgin, Yesu ya hana, ya mai da shi gida wurin mutanensa, wato wurin waɗanda suka ɗaure shi. Duk wanda ya yi wannan hidima ya san ranar sallama ta fi ranar shiga haɗari. A cikin gida akwai ƙararrawa da shinge, a waje kuwa mai sayarwa yana nan a inda aka bar shi, tsofaffin abokai suna jira, bashin da aka ci bai biya kansa ba, matar da aka wulakanta kuma ba za ta manta cikin wata shida ba. Masu bincike a Amurka sun ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake faɗuwa, kusan daidai da yadda masu hawan jini ko asma sukan sake kwantawa. Akwai kuma abin da kowane abokin tafiya ya wajaba ya gaya wa mutuminsa ba tare da kunya ba: bayan watanni ba a sha ba, jiki ya daina jure yawan da ya saba, wanda ya koma ya haɗiye adadinsa na dā yana iya mutuwa a daren.

Saboda haka ziyara ba ta ƙarewa a ƙofar gidan. Kafin sallama, abokin tafiya ya je ya ga iyali, ya saurari fushinsu, kada ya yi musu wa'azin gafara tun ba su gama faɗin abin da aka yi musu ba. Ya nemi mai gareji ko kafinta ko manomi a cikin ikkilisiya wanda zai karɓi mutumin, domin hannun da ba ya aiki da sauri yake komawa. Ranar Lahadi ta fari kuma ya bi ta gidansu su tafi sujada tare, su zauna a benci ɗaya, don idanun jama'a su rabu biyu. In kuwa mutumin ya faɗi, sai a tuna da Yohanna Markus, wanda ya gudu daga aiki har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ya ɗauke shi duk da haka, a ƙarshen ransa kuma Bulus da kansa ya aika wa Timoti ya zo masa da shi domin yana da amfani. Wannan ba ya nufin a rufe ido a kan laifi. Horon ikkilisiya yana da wurinsa, sai dai wanda aka dakatar daga cin jibin Ubangiji ba a dakatar da ziyartarsa ba.

Mai sa kai shi ma mutum ne, yana gajiya, yana iya yin girman kai in mutuminsa ya tsaya, ya karai in ya faɗi. Shawarata ga kowace majalisar ikkilisiya ita ce kada a aiki mutum ɗaya shi kaɗai. A zaɓi maza uku ko huɗu daga zumuntar maza, kowa da mutum guda, su riƙa haɗuwa da fasto sau ɗaya a wata, a kuma gayyaci ma'aikacin lafiya ya koya musu alamun haɗari kafin su fara. Wanda shi kansa ya fito daga shaye-shaye yakan fi kowa iya wannan aiki, amma a bar shi ya yi shekara biyu a tsaye tukuna, wannan ra'ayina ne.

Saurayin nan na wajen Sahuda ya fita bayan wata takwas, ya faɗi a wata na uku, ya koma gidan ya sake yin wata huɗu. Yanzu yana koyon gyaran babur a Mubi. Da na haɗu da dattijon a wani taro na tambaye shi ko ya huta da zirga-zirgar Alhamis. Ya ce, "Ina fa, Malam. Gareji nake zuwa yanzu, ya fi kusa. Sai dai shi ne yake sayen gyaɗar."